Na'urar ɗaga mota mai ginshiƙi biyu a garejin gida: abin da ke riƙe mota a sama da abin da ke sakinta

Na'urar ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, wadda a da sai a manyan garejin kanikawa ake ganinta, yanzu ta fara shiga gidaje. Mai sha'awar gyaran motarsa da hannunsa yakan saye ta, a kawo masa ita a ɗaure, da ɗan littafin bayani da jakar ƙusoshi. Daga nan ruɗani ke farawa. Wani littafin ya ce kaurin kankaren daɓe santimita 10 ya isa, wani ya ce sai 15, wani ma 20. Mai sayarwa ya ce mutum biyu za su kafa ta a yini guda, wanda ya daɗe a sana'ar kafawa kuma ya ce kada a taɓa sai da gwani. Bayan an kafa sai a ga gefe ɗaya yana riga ɗaya tashi, ko mota tana saukowa a hankali ba wanda ya taɓa komai, ko ta hau ta ƙi saukowa.

Yawancin wannan ruɗani yana warwarewa idan aka lura da abu guda: abin da ya zo a ɗaure rabin na'ura ne kawai. Ɗaya rabin shi ne daɓen garejin, kuma kamfanin da ya ƙera ginshiƙan bai taɓa ganin wannan daɓe ba. Matsaloli da dama da ake ɗora wa famfo ko silinda, ranar kafawa aka haife su.

Sassan na'urar da aikin kowanne

Ginshiƙai biyu ne na ƙarfe a tsaye, suna fuskantar juna, mota ta shiga tsakaninsu. A cikin kowane ginshiƙi akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka, shi ke ɗauke da hannuwa biyu masu lilo. Hannuwan huɗu su ke shiga ƙarƙashin mota, kowanne da ɗan faifan roba a bakinsa. Injin lantarki yana juya famfo, famfo ya tura man haidirolik ta tiyo zuwa silinda, silinda ta tura hannuwan sama. Saukowa ba ta buƙatar inji: ana buɗe bawul ne, nauyin motar ya koro man ya koma tanki.

Akwai sassa uku da sabon shiga kan raina, alhali su ne kan gaba a maganar rai. Na farko igiyoyin ƙarfe masu daidaitawa, waɗanda ke haɗa gefen dama da na hagu don su tashi tare. A yawancin na'urori ba su ke ɗaga mota ba, aikinsu hana gefe ɗaya wuce ɗaya. Na biyu sakata, wani ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙoran ginshiƙi duk bayan kamar santimita 10, shi ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji lokacin da mota ke hawa. Na uku makullin hannu, ƙananan haƙora a gindin kowane hannu da ke kama shi da zarar ya bar ƙasa, don kada ya goce gefe.

Ta fuskar siffa, ana samun iri biyu. Akwai mai gada a sama, inda igiyoyi da tiyo ke bi ta saman mota, ƙasa ta zauna fili. Akwai mai faranti a ƙasa, inda suke bi ta ƙarƙashin wani faranti da mota ke takawa. Haka kuma akwai mai hannuwa daidai wa daida, inda mota ke tsayawa a tsakiya, da mai gajerun hannuwan gaba, wanda a wasu samfurori ake karkata ginshiƙansa da kusan digiri 30 don ƙofar direba ta samu buɗewa.

Tunanin ɗaga mota da ƙarfin mai ya kai shekara ɗari. Wani bakanike a birnin Memfis na Amurka, Peter Lunati, shi ya samu rajistar ƙirƙirar irin wannan na'ura a 1925, bayan ya lura da yadda kujerar aski ke hawa. Tasa ginshiƙi ɗaya ce da ake binnewa a ƙasa. Masu tsayawa a kan daɓe sun yaɗu ne daga baya, saboda ba sa buƙatar haƙa rami kuma idan mai ya zuba ana ganinsa, ba ya tsiyaya cikin ƙasa a ɓoye. Wannan sauƙi ne ya kawo su gida, shi ne kuma ya mayar da duk nauyin amana kan kankare.

Dalilin da daɓe ya fi komai

Mutum zai iya cewa, motar nan kullum a kan daɓen nan take kwana, me zai hana ya ɗauke ta idan an ɗaga? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Motar da ke tsaye a kan tayoyinta danna kankare take yi, kankare kuwa gwani ne wajen jure danniya. Da zarar an ɗaga ta a kan hannuwa, nauyin ya koma can nesa da ginshiƙi, yana ƙoƙarin kifar da shi zuwa ciki. Gefen gindin da ke kusa da mota yana danna ƙasa, gefen baya kuma yana neman tashi, yana fizgar ƙusoshin da ke riƙe da shi. Ƙarfin kankare wajen jure fizga bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen jure danniya ba.

A ɗauki misali. Mota mai kilo 2,000, kowane ginshiƙi yana ɗauke da kilo 1,000. Idan nauyin yana nesa da ginshiƙin da kamar mita ɗaya, faɗin gindin kuma bai kai rabin mita ba, fizgar da ƙusoshin baya ke sha ta ninka wannan kilo 1,000 sau biyu ko fiye. Idan kankare ya gaza, ba ƙusar ce ke karyewa ba, takan fito ne da guntun kankare a manne da ita, mai siffar mazurari.

Nan ne saɓanin lambobi ya samo asali. Kamfanonin Amurka da yawa sukan rubuta cewa na'ura mai ɗaukar fam 9,000 zuwa 10,000, wato kilo 4,000 zuwa 4,500, tana buƙatar kankare mai kaurin inci 4 ko 4 da kwata, kusan santimita 10 zuwa 11, mai ƙarfin psi 3,000, kimanin megafaskal 21 (duka biyun awon matsi ne). Littattafan na'urorin da ake sayarwa a Turai sukan nemi santimita 15 zuwa 20. Kowanne yana magana ne a kan tasa ƙirar: faɗin gindin ginshiƙi, yawan ƙusoshi, tsawonsu da tazarar da ke tsakaninsu. Ginshiƙi mai faffaɗan gindi yana raba fizgar, mai ƙaramin gindi yana tara ta wuri guda. Saboda haka lambar da ke aiki ita ce ta littafin na'urar da ke hannunka, ba ta maƙwabci ba, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi.

Matsalar garejin gida ita ce ba kasafai mai shi ya san ainihin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Daɓen da aka ce santimita 10 ne yana iya zama 12 a wannan kusurwa, 7 a waccan, domin ƙasar da aka zuba shi a kai ba shimfiɗe take sumul ba. Hanyar sani ɗaya ce, a huda ƙaramin rami a daidai inda kowane ginshiƙi zai tsaya, a zura waya mai lanƙwasa a auna. Ƙarfinsa kuma sai an yanki guntu an kai ɗakin gwaji. Sabon kankare sai ya cika kwana 28 kafin a kafa masa komai. Ba a kafawa a kan kwalta, ko tayil, ko bulon shimfiɗa, ko kusa da tsaga da mahaɗar daɓe da bakin gefe. Littattafai da dama sukan ce a bar aƙalla santimita 15 tsakanin ƙusa da tsaga, wasu fiye. Daɓen bene ko wanda ke da ɗaki a ƙarƙashinsa sai injiniyan gini ya duba.

Kafin huda kuma a san abin da aka binne. Wasu gidajen akwai bututun ruwa ko wayar wuta cikin daɓe. Akwai kuma irin daɓen da ake ƙarfafawa da igiyoyin ƙarfe a ɗame cikinsa, wanda yanke ɗaya daga cikinsu na iya raunata mutum ya kuma lalata ginin.

Idan daɓe ya gaza, ba lallai a fasa gareji duka ba. Gyaran da aka saba shi ne a yanke murabba'i a gurbin kowane ginshiƙi, ko dogon zubi ɗaya da ya haɗa gurbin biyu, a haƙa, a sa rodi, a zuba sabon kankare mai kauri wanda ya shiga ƙarƙashin tsohon daɓen ko aka ɗinke su da rodi. Wasu littattafan sukan ba da awon ƙafa 4 a kan ƙafa 4, kusan mita 1.2 kowane gefe, da kaurin inci 6 ko fiye. Abin da ba ya aiki shi ne zuba ɗan tudun kankare a saman tsohon daɓe, domin shi da ginshiƙin za su tashi tare.

Ƙusoshin kafi

Waɗanda aka fi haɗowa da na'urar su ne masu buɗewa cikin rami: idan aka ɗaure noti, gindin ƙusar ya faɗaɗa ya ciji kankare. Yawanci kaurinsu inci uku bisa huɗu ne, kusan milimita 19, kuma ana son su nutse cikin kankare fiye da santimita 8. Bakin abin huda dole ya zama daidai da awon ƙusar. Sai an fitar da ƙurar ramin tas. Ɗauri kuma da sifana mai awo ake yinsa, ba da bindigar noti ba, domin bugunta yana farfasa kankaren da ƙusar ke son kamawa. Awon ɗaurin ya bambanta sosai tsakanin kamfanoni, daga kusan niyutan-mita 115 har zuwa 200.

Ƙusar da ta ƙi kai awon da aka rubuta, tana ta juyawa ko tana fitowa sama, ta riga ta ba da amsa: kankaren wurin bai isa ba, ko ramin ya yi faɗi. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu suna ganin a koma ga ƙusa mai gam, wadda ake zuba wa sinadari a rami ya daskare da ita. Hujjarsu ita ce ba ta matsa kankare daga ciki, kuma tana kama ramin tun daga sama har ƙasa. Masu adawa suna cewa ƙarfin gam ya dogara kacokan ga tsabtar rami da cikar lokacin daskarewa, kuma gam ba ya ƙara wa siririn daɓe kauri. Duka biyun suna da gaskiya. Abin da ke raba gardamar shi ne amincewar kamfanin na'urar, domin wasu sun yarda da gam, wasu ba su yarda ba.

Tsawo, faɗi da wuta

Mai gada a sama takan kai mita 3.6 zuwa 3.7, mai faranti a ƙasa kuwa ginshiƙanta sukan tsaya wajen mita 2.8 zuwa 2.9. Gajeren ginshiƙi ba ya gajarta mota. Don mutum ya tsaya a miƙe, ƙarƙashin motar sai ya kai kusan mita 1.8 daga ƙasa. Ƙaramar mota za ta ƙara kamar mita 1.3 a kan haka, babbar jif ta ƙara 1.6 ko fiye. Mai gada tana da sandar da ke kashe inji idan rufin mota ya taɓa ta, mai faranti ba ta da ita, idon mai aiki ne kaɗai tsakanin motar da silin. A lissafa da ƙofar gareji mai naɗewa sama, da fitilu, da bonet ko but a buɗe. Faɗin na'urar gaba ɗaya yakan kai mita 3.3 zuwa 3.5, ban da wurin wucewa.

Injin yawanci na kilowat 2.2 ne ko kusa da haka, mai wutar bolt 220 zuwa 240 fes ɗaya, ko 380 zuwa 400 fes uku. Yana buƙatar layinsa shi kaɗai da birekarsa da waya mai kauri, kuma aikin mai gyaran wuta ne. Wanda ya sayo daga wata ƙasa ya duba ko injin na wuta mai bugu 50 ne ko 60 a daƙiƙa.

Ranar kafawa

Kowane ginshiƙi nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma kafin a ɗaure shi ba abin da ke hana shi faɗuwa. Ana zana layi a ƙasa bisa awon littafi, a auna kusurwa zuwa kusurwa a tabbatar gefen biyu sun yi daidai, a tsayar da ginshiƙi na farko, a huda ta ramukan gindinsa. Masu sana'ar da yawa ba sa huda wa na biyu sai sun ɗora gadar sama sun ga komai ya zauna, domin rami idan an huda shi ba ya matsawa.

Daɓen gareji kan ɗan gangara don ruwa ya fita, shi ya sa ake cusa siraran faranti ƙarƙashin gindi har ginshiƙi ya tsaya cak a filam, wato ma'aunin miƙewa, ta kowane gefe. Littattafai da yawa sun iyakance wannan ciko a rabin inci, kusan milimita 13. Dalili a fili yake: duk abin da aka ɗaga gindi da shi, an rage shi ne daga zurfin ƙusa. Ginshiƙin da ya karkata kuma yana sa ƙarfen da ke hawa cikinsa ya riƙa gogar gefe guda, ya ci robobin zamiya, na'ura ta riƙa kakkarwa.

Daga nan sai igiyoyi. Ana ɗora gefen biyu a kan haƙorin sakata ɗaya, a ɗaure igiyoyin su yi tauri daidai da juna. Gwajin da kunne ake yinsa: idan na'ura na hawa, sakatun biyu su yi ƙara tare. Idan ana jin ƙas, sannan ƙas, gefen da ke makara ya yi ƙasa, igiyarsa na son ɗauri. Sabuwar igiya takan ɗan miƙe a makonnin farko, don haka ba gyaran yini ɗaya ba ne.

Mai kuma irin wanda littafi ya ce, galibi man haidirolik mai lamba 32 ko 46, wasu kamfanonin kuma sun yarda da man giyar mota mai canza kanta. Ana zubawa ne na'ura tana ƙasa ƙwarai. Iskar da ta maƙale a silinda ana fitar da ita ba tare da mota a kai ba, ko ta ɗan notin da ke saman silinda, ko ta hawa da sauka sau da yawa, gwargwadon ƙirar.

Kafa da kanka ko kiran gwani

Masu cewa mutum ya kafa da kansa suna da hujja. Aikin ba sihiri ba ne, littafi ya bayyana shi, kuma wanda ya haɗa na'ura da hannunsa ya fi saurin gane sautin da ya canza. Masu cewa a kira gwani suna nuni da cewa kuskuren kafawa ba ya nuna kansa a ranar. Ƙusar da ta kama rabi-rabi za ta ɗaga ƙaramar mota sau ɗari lafiya, ta saki ranar da aka ɗora babba. Wanda ya kafa na'urori da yawa yana gane rubabben kankare tun daga yadda abin huda ke shiga. Wasu kamfanoni ma sukan rataya garantinsu a kan wanda ya kafa. Matsakaicin ra'ayi, wanda ya fi dacewa da yadda haɗarin ya kasu, shi ne mai gida zai iya haɗa ƙarafa, amma hukuncin daɓe da haɗa wuta da dubawar ƙarshe a bar wa masu sani.

Akwai kuma gardamar takardar shaida. A Amurka ƙungiyar masu ƙera na'urorin ɗaga mota, ALI, wadda aka kafa a 1945, tana manna tambarin zinariya a kan samfurin da wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya gwada, har da ɗora masa nauyin da ya kai kashi 150 cikin ɗari na abin da aka rubuta. A Turai ma'aunin shi ne EN 1493 tare da alamar CE, mai nuna cika ƙa'idojin Turai. Rashin tambari ba ya nufin na'ura ba ta da kyau. Yana nufin lambar da ke jikinta maganar mai ƙera ce kaɗai, ba wanda ya tabbatar.

Karanta alamun matsala

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowace alama tana nuna ɓangaren da za a fara dubawa. Kafin komai, ba a gyaran famfo ko tiyo sai an sauke na'ura ƙasa ko an zaunar da ita kan sakata, an kuma kashe wuta.

Idan an danna makunni ba a ji komai ba, maganar wuta ce: bireka, makunnin kansa, ko sandar saman nan da ta maƙale a matsayin kashewa. Idan inji yana gurnani bai juya ba, ko yana ɗaga na'ura ba kaya amma ya gaza da mota, a auna ƙarfin wutar lokacin da yake aiki. Doguwar waya siririya ko ƙaramin janareta sukan sa wuta ta faɗi daidai lokacin tashi, lokacin da inji ke jan wuta ninkin abin da ya saba.

Idan inji yana juyawa lafiya amma ba abin da ke hawa, ko mai ya yi ƙasa, ko matatar da ke bakin bututun tsotso ta toshe, ko bawul ɗin saukarwa ya maƙale a buɗe, mai yana zagayawa yana komawa tanki. A injin fes uku da aka haɗa yanzu, abin da aka fi samu shi ne yana juyawa baibai, sai a musanya wayoyi biyu. Akwai kuma bawul mai rage matsi, wanda ke buɗewa idan nauyi ya wuce ƙima. Wasu sukan ƙara masa ɗauri don na'ura ta ɗaga abin da ta ƙi ɗagawa. Wannan cire mai gadi ne daga bakin ƙofa, domin hannuwa da ƙusoshi ba su ƙara ƙarfi ba.

Saukowa a hankali ba tare da an taɓa ba tana nuna mai yana samun hanyar komawa. Idan ba a ga ɗigo a tiyo ko mahaɗa ko bakin silinda ba, to yoyon na ciki ne, yawanci ɗan datti ne ya tsaya a bawul mai hana mai komawa baya ko a bawul ɗin saukarwa. Ba a lalubar yoyo da hannu. Matsin na iya kai psi 2,500, kuma siririn feshi a irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, raunin da ke buƙatar asibiti nan take ko da ramin bai fi tsinin allura ba. Wannan matsala ta sauka a hankali ba za ta taɓa zama barazana ga wanda ke ƙarƙashin mota ba idan an bi ƙa'idar asali: a ɗaga, a sauke kan sakata, sannan a shiga. Mai na ɗagawa ne, ƙarfe ke riƙewa.

Hawa da fizge-fizge, ko mai yana kumfa, iska ce. Idan an fitar da iska bai daina ba, a duba giris a cikin ginshiƙi, a sake ɗora filam. Mai yana ambaliya ta murfin tanki lokacin saukowa kuwa, galibi an ƙara shi ne na'ura tana sama, da silinda suka dawo da nasu sai wuri ya ƙare.

Ƙin saukowa shi ya fi tayar da hankali, kuma sau da yawa ba lalacewa ba ce. Sakatar da nauyi ke kanta ba ta buɗuwa, sai an ɗan ɗaga sama kafin a ja hannun saki. Na'urar da ba kaya a kanta kuma dama a hankali take sauka, balle idan sanyi ya sa mai ya yi kauri. Mai haɗarin shi ne idan siririyar wayar da ke buɗe sakatar ɗaya gefen ta yi sako-sako: gefen da mai aiki yake ya saki, na can ya riƙe, mota ta fara karkata. Wanda idonsa ke kan motar zai saki bawul nan take, ya ɗaga sama, ya sake zaunar da ita. Wanda ya juya baya yana hira ba zai gani ba sai ta zame. Ɗaure sakata a buɗe da waya ko igiya don a huta da jan ta, shi ma nan yake kai mutum.

Alama ɗaya ce ba ta da gyaran wucin gadi. Idan notin ƙusa yana kwancewa bayan an ɗaure, ko an ga garin siminti ko sabuwar tsaga a gindin ginshiƙi, ko gindin yana ɗagawa idan mota ta hau, aiki ya tsaya har sai an gyara daɓe. Haka igiyar da silinta suka fara tsinkewa ko ta yi tsatsa ko ta murɗe, canza ta ake yi, kuma an fi son a canza biyun tare.

Lambar da ke jikin ginshiƙi

Na'urar da aka rubuta wa kilo 4,000, ma'anarta kilo 1,000 ga kowane hannu. A ɗauki motar ɗaukar kaya mai kilo 3,600 wadda kilo 2,300 nata ke baya. Jimilla ba ta kai iyaka ba, amma kowane hannun baya yana ɗauke da kilo 1,150, ya wuce. Ƙaramar mota mai jan gaba kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta a gaba yake, don haka tsakiyar nauyinta ba tsakiyar tsawonta ba ce.

Kowace mota tana da wuraren da kamfaninta ya ware don ɗagawa, suna cikin littafinta. Motocin lantarki sun ƙara wa wannan muhimmanci, saboda batirinsu a shimfiɗe yake a ƙarƙashi, kuma faifan da ya sauka a kansa na iya huda shi. Idan faifai bai kai ba, da ƙarin ƙarfen da aka ƙera don na'urar ake cikawa, ba da guntun katako ba. Bayan an saita hannuwa, a ɗaga har tayoyi su bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya, a tsaya, a duba faifai huɗun da makullan hannu, a girgiza motar daga gaba ko baya. Idan za ta zame, gara ta zame daga nan.

Daidaito kuma yana canzawa a tsakiyar aiki. Motar da ta zauna daram, idan aka sauke mata inji ko giyabos ko akasil na baya, nauyin ya koma ɗaya gefen. Haka jan doguwar sifana a kan noti mai taurin kai. Dogayen sandunan tallafi a gaba da baya su ne maganin wannan, amma ba a sauke mota a kansu, kuma sai an cire su kafin a buɗe bawul.

Abin da ya rage a wuyan mai gida

A wuraren sana'a akwai mai tilasta dubawa. Ma'aunin Amurka ya nemi ƙwararre ya duba na'ura aƙalla sau ɗaya a shekara, a Birtaniya kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata tana neman cikakken bincike duk wata 6 ga na'urar da mutane ke aiki a ƙarƙashinta. Waɗannan ƙa'idoji don wurin aiki aka yi su, garejin gida ba mai zuwa ya tambaya. Mai gida shi ne mai aiki, shi ne mai duba, kuma sau da yawa shi kaɗai ne a ɗakin, ba wanda zai ji idan abu ya faru. Wasu wuraren kuma izinin gini da sharuɗɗan inshorar gida suna shafar irin wannan na'ura, abin da ya kamata a bincika kafin saye.

Wanda babbar buƙatarsa ajiye mota ɗaya a saman wata ce, ko canza mai da duba salansa, na'ura mai ginshiƙi huɗu ta fi dacewa da shi. Mota tana hawa da tayoyinta, nauyi yana sauka kai tsaye a kan daɓe, kuma ba ta neman kankare mai yawa. Amma tana cin wuri, kuma aikin birki da taya sai an ƙara jak. Mai ginshiƙi biyu tana sakin tayoyi huɗu ta buɗe ƙarƙashin mota gaba ɗaya, shi ya sa kanikawa suka fi son ta. Wanda ya zaɓe ta ya ɗauki aikin da ba ya ƙarewa ranar kafawa: duba sakata da makullan hannu da faifan roba kafin kowane ɗagawa, duba igiyoyi da tiyo da giris duk wata, da zagaya ƙusoshin gindi da sifana mai awo bisa lokacin da littafin ya tsara. Makunnin wutar kuma a sa masa kwaɗo, musamman a gidan da yara ke shiga gareji.